Yadda "Alƙalami" Ya Koma "alami": Gano Kuskure Wajen Tsamo Yankin Rubutu da Lisp

 Wannan rubutu na waɗanda suka fara koyon rubuta manhaja ne, da kuma waɗanda suke ganin abokansu sun ƙura wa kwamfuta ido suna tsaki, ba su san abin da ya haɗa su ba. Za mu ɗauki ɗan ƙaramin aiki guda ɗaya, mu bi shi daki-daki, mu ga wuraren da sabon shiga yake faɗawa rami da yadda zai fito.

Mu ɗauka ma'ajin wata ƙungiyar ɗalibai ya rubuta kayan da ke cikin akwatin ƙungiya a kwamfuta, kowane kaya da layinsa:

```
Biro: 25
Alƙalami: 12
Farar takarda: 145
Jar takarda: 30
Ma'auni: 3
Ƙusa: 1,200
```

Sai aka ce wa wani ɗalibi mai koyon yaren Lisp ya rubuta ɗan shiri da zai raba kowane layi gida biyu, suna a gefe, adadi a gefe, sannan ya tara adadin. Idan kuka tara da hannu za ku sami 1,415. Shirin ɗalibin nan ya ba shi 15 a wani gwaji, ya ba shi 216 a wani, kuma a duka biyun kwamfuta ba ta yi ko tari ba. Ba jan rubutu, ba gargaɗi. Da ya miƙa wa ma'aji wannan lissafi, da sai dai a fara tambayar ina sauran kaya suka shiga, kuma wa yake riƙe da makullin akwati. Kuskuren da ya tsayar da shiri yana da sauƙi, domin dole ku gan shi. Mai haɗarin shi ne wanda ya ba ku amsa cikin natsuwa alhali amsar ba daidai ba ce.

Lisp a taƙaice

John McCarthy ne ya ƙirƙiro Lisp a shekarar 1958 a jami'ar MIT da ke Amurka. Cikin manyan yarukan kwamfuta da har yau ake aiki da su, ana ƙirga shi na biyu a tsufa, bayan Fortran. Sunansa taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Ingilishi guda biyu masu nufin sarrafa jeri. Abin da kowa yake fara lura da shi a Lisp shi ne yawan baka biyu: kowane umarni yana zama cikin baka, sunan umarnin ne a farko, abubuwan da zai yi aiki a kansu suna biye. Biyu a tara da uku, alal misali, ga yadda ake rubuta shi:

```
(+ 2 3)
```

Lisp yana da rassa da dama. Wanda za mu yi amfani da shi a nan shi ne Common Lisp, wanda aka tsayar da ƙa'idojinsa a 1994, kuma ana samun manhajar SBCL kyauta don gudanar da shi. Babbar garaɓasar Lisp ga mai koyo ita ce wani fage da ake kira REPL, inda za ku rubuta umarni guda, ku danna maɓalli, ku ga amsa nan take. Ku riƙe wannan fage da kyau, domin a cikinsa za mu kama duk kurakuran da ke tafe.

Mene ne regeks?

Regeks wani gajeren rubutu ne da yake siffanta irin abin da kuke nema a cikin dogon rubutu. Maimakon ku ce "nemo mini 25", sai ku ce "nemo mini lambobi a jere, ko nawa ne". Za mu riƙa kiran wannan siffantawa zubi, kamar zubin da mai buga bulo yake amfani da shi: abin da ya dace da zubi ne kaɗai yake fitowa. Wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna Stephen Kleene ne ya kafa tushensa a 1951. Ken Thompson ya shigar da shi cikin manhajar gyaran rubutu, ya kuma wallafa hanyar da ya bi a 1968. Yaren Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, shi ya yaɗa salon rubuta regeks da aka fi sani a yau.

Ga alamomin da za mu buƙata. Aya, wato `.`, tana nufin kowane harafi guda ɗaya. Alamar `\d` tana nufin lamba ɗaya daga 0 zuwa 9. Alamar `+` tana nufin abin da ya gabace ta ya zo sau ɗaya ko fiye. Tauraro, wato `*`, yana nufin ya zo ko sau nawa, har da rashin zuwa ɗungurungum. Baka mai kusurwa, kamar `[a-z]`, tana nufin harafi ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa, amma `[^:]` tana nufin kowane harafi in ban da ruwa biyu. Alamar `^` a farkon zubi tana nufin farkon layi, `$` kuma ƙarshensa. Duk abin da aka sa cikin baka biyu a zubi, shi ne yankin da ake so a tsamo a ajiye.

Common Lisp bai zo da regeks a jikinsa ba. Yawancin masu aiki da shi suna ɗauko wani ƙunshin umarni mai suna CL-PPCRE, wanda Edi Weitz ya rubuta bisa salon Perl. Idan kun girka Quicklisp, layi ɗaya ya isa ya kawo muku shi:

```
(ql:quickload "cl-ppcre")
```

Rami na farko: karan da ya ɓace

Ɗalibinmu ya karanta cewa `\d+` yana kama lambobi, sai ya rubuta:

```
(ppcre:scan-to-strings "\d+" "Biro: 25")
```

Amsa ta fito: `NIL`, wato ba a sami komai ba. Ya gwada da "Jar takarda: 30", sai aka ba shi `"d"`. Me ya kawo harafin d?

Dalili shi ne zubin yana wucewa ta hannu biyu kafin ya yi aiki. Hannu na farko na Lisp ne da kansa, mai karanta duk abin da ke tsakanin alamun zance. A wurinsa, karan nan mai jingina baya yana nufin "ɗauki harafin da ke biye yadda yake", kuma da zarar ya isar da wannan saƙo sai a jefar da shi. Saboda haka abin da ya isa hannu na biyu, wato injin regeks, `d+` ne kawai, ma'ana harafin d sau ɗaya ko fiye. Babu d a "Biro: 25", shi ya sa aka ce `NIL`. Akwai d a "takarda", shi ya sa aka kawo shi.

Ba sai kun yarda da maganarmu ba, gani ya kori ji. Ku tambayi REPL tsawon zubin:

```
(length "\d+")
(length "\\d+")
```

Na farko zai ba ku 2, na biyu 3. Duk karan da kuke so ya isa ga injin regeks, sai kun rubuta shi sau biyu. Akwai kuma umarnin `ppcre:parse-string`, mai nuna muku yadda injin ya fahimci zubinku. Idan kuka ba shi `"\\d+"` za ku ga kalmar `:DIGIT-CLASS` a cikin amsa, wato rukunin lambobi. Idan kuka ba shi `"\d+"` za ku ga `#\d`, wato harafin d tsurarsa.

Rami na biyu: amsa biyu, hannu ɗaya

Yanzu ɗalibin ya gyara kara, ya kuma sa baka biyu don ya raba suna da adadi:

```
(ppcre:scan-to-strings "(.+): (\\d+)" "Biro: 25")
```

REPL ya nuna masa layi biyu:

```
"Biro: 25"
#("Biro" "25")
```

Ya yi murna, ya ajiye amsar da `setf`, ya koma ya duba, sai ya tarar da layin farko kaɗai. Yankunan da ya sha wahala a kansu sun ɓace. A Common Lisp umarni ɗaya yana iya dawo da amsa fiye da ɗaya, amma idan ba ku tanadi wurin karɓar sauran ba, ta farko kaɗai za a miƙa muku, sauran su zube. A nan amsa ta farko ita ce duk abin da zubi ya rufe, ta biyu kuma ita ce yankunan da ke cikin baka. Ga yadda ake tara hannu biyu:

```
(multiple-value-bind (duka yankuna)
    (ppcre:scan-to-strings "(.+): (\\d+)" "Biro: 25")
  (aref yankuna 1))
```

Wannan zai ba ku `"25"`. Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙirge yana farawa ne daga 0, don haka yanki na 0 shi ne "Biro", na 1 shi ne "25". Na biyu, alamar `#` da ke gaban baka tana nuna cewa wannan ba jeri ba ne irin wanda `first` da `second` suke aiki a kansa. Bekta ce, wato sahu mai lambar mazauni, kuma da `aref` ake ɗauko abin da ke cikinta.

Irin wannan ƙirge ne yake rikita masu amfani da umarnin `ppcre:scan`, wanda yake ba da lambar wuri maimakon rubutu. Ga wannan zubi da wannan layi, zai ce yanki na biyu ya fara a 6 ya ƙare a 8. Amma "Biro: 25" haruffa takwas ne, daga 0 zuwa 7, to ina na 8? Babu shi. Lambar ƙarshe tana nuna wurin da ke bayan harafin ƙarshe ne, kuma haka umarnin `subseq` yake so a ba shi. `(subseq "Biro: 25" 6 8)` zai ba da `"25"`. Wanda ya ga kamar an yi kuskure ya rage ɗaya, ya rubuta 7, zai sami `"2"`, biro ashirin da uku sun tafi ke nan.

Rami na uku: haɗamar tauraro

Mu koma kan 15 ɗin nan. Ɗalibin ya yi tunanin cewa tun da adadi a ƙarshen layi yake, sai ya ce a tsallake komai, a kama lambobi:

```
(ppcre:scan-to-strings ".*(\\d+)" "Farar takarda: 145")
```

Yankin da ya fito shi ne `"5"`. Don a gane dalili, sai mu bi sawun injin. Tauraro da alamar tarawa suna da haɗama: suna cin duk abin da za su iya ci kafin su bar wa na bayansu. Da farko `.*` ya haɗiye layin gaba ɗaya har da 145. Sai aka zo kan `\d+`, mai buƙatar aƙalla lamba ɗaya, aka tarar ba abin da ya rage. Injin ya ja da baya, ya sa `.*` ya amayar da harafi ɗaya tak, wato 5. Nan take `\d+` ya ƙoshi, tun da lamba ɗaya ta ishe shi, aiki ya ƙare. Haka aka yi wa kowane layi: 5, 2, 5, 0, 3, 0. Ku tara ku gani, 15 ne cif.

Injin bai saɓa umarni ba, abin da aka ce masa shi ya yi. Gyaran shi ne a daina cewa "komai" a inda ake da abin da za a kafa da shi. Mun san adadi yana zuwa ne bayan ruwa biyu, don haka zubin `": (\\d+)"` ya fi dacewa.

Haɗamar nan tana bayyana ta wata fuska idan kaya biyu suka haɗu a layi ɗaya, kamar "Biro: 25, Rula: 8". Zubin `"(.*): (\\d+)"` zai ba ku suna "Biro: 25, Rula" da adadi "8", domin `.*` ya zarce har ruwa biyu na ƙarshe. Idan kuka ƙara alamar tambaya bayan tauraro, ya zama `.*?`, sai ya koma mai ƙanƙan da ci: ya ɗauki mafi ƙarancin abin da zai yiwu, ya tsaya a ruwa biyu na farko, ku sami "Biro" da "25".

Kada ku ɗauka sabon shiga ne kaɗai tauraro yake kayarwa. Ranar 2 ga Yuli, 2019, kamfanin Cloudflare, wanda ɗimbin shafukan intanet suke bi ta injinansa, ya sami tsaiko na minti 27. Da suka bincika, sai suka tarar da zubin regeks guda ɗaya mai ɗauke da `.*` a jere, wanda ya sa injinan ja da baya ba iyaka har ƙarfinsu ya ƙare.

Rami na huɗu: waƙafi a tsakiyar lamba

Bayan gyaran tauraro, jimilla ta koma 216. An matso, amma da saura. Ɗalibin da ya tsaya kallon jimilla kaɗai zai daɗe bai gano komai ba. Wanda ya sa shirin ya nuna masa adadin kowane layi zai ga 25, 12, 145, 30, 3, sai kuma 1. Ƙusa 1,200 ta koma ƙwaya ɗaya, domin waƙafi ba lamba ba ne, kuma `\d+` yana tsayawa da zarar ya ci karo da abin da ba lamba ba. Sai a faɗaɗa zubin ya karɓi waƙafi: `[0-9,]+`.

A nan akwai wani tarko kuma. Abin da regeks yake tsamowa rubutu ne ko da kuwa da lambobi aka rubuta shi. `"25"` mai alamun zance daban yake da 25, kuma idan kuka ce Lisp ya tara na farkon da wani abu, zai tsaya ya yi ƙorafi. Umarnin `parse-integer` ne yake mayar da rubutu lamba, amma shi ma ba ya karɓar waƙafi, sai an cire masa:

```
(parse-integer (remove #\, "1,200"))
```

Wannan zai ba da 1200.

Rami na biyar: haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan rami ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Yawancin misalan da ake koyar da regeks da su an gina su ne kan kalmomin Ingilishi, inda `[A-Za-z]+` ya isa ya kama suna. Ɗalibinmu ya kwafo shi yadda ya gan shi:

```
(ppcre:scan-to-strings "([A-Za-z]+): (\\d+)" "Alƙalami: 12")
```

Amsa: `#("alami" "12")`. Ƙusa ta koma "usa", Ma'auni ya koma "auni", Farar takarda da Jar takarda kuwa duka sun koma "takarda", ba a bambance su.

A cikin kwamfuta kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Ƙaramin a shi ne 97, z kuma 122, kuma `[a-z]` yana nufin duk abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu. Harafin ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ 599, duk suna can nesa da wannan iyaka. Kuna iya tabbatarwa da `(char-code #\ƙ)`. To da injin ya fara daga A, ya ci "Al", ya ci karo da ƙ a inda yake tsammanin ruwa biyu, bai ce ya kasa ba. Matsawa ya yi gaba harafi ɗaya ya sake gwadawa, ya ci gaba da haka har ya iso "alami: 12", wanda ya dace da zubi tsaf. Haka injin regeks yake: yana neman zubinsa a ko'ina cikin layi, sai dai idan kun ɗaure shi.

Gyara biyu ake buƙata. Na farko, a ɗaure zubin da `^` a farko da `$` a ƙarshe, don ko dai layin ya dace gaba ɗayansa, ko a ce bai dace ba. Na biyu, maimakon lissafa haruffan da suna zai iya ɗauka, a faɗi inda suna yake tsayawa: `[^:]+`, wato komai har zuwa ruwa biyu. Wannan yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, da hamzar da ke cikin Ma'auni, da sararin da ke tsakanin Farar da takarda. Ku kuma tabbatar an adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, don kada haruffan su lalace tun kafin su iso wurin zubi.

Rami na shida: harafin da ido ba ya gani

Sabon zubi ya yi aiki a REPL da layukan da aka buga da hannu. Da aka karanto su daga fayil ɗin ma'aji, sai kowane layi ya dawo da `NIL`. A ido layukan iri ɗaya ne. To sai a daina dogaro da ido, a tambayi lambobin haruffa:

```
(map 'list #'char-code layi)
```

Ga layin farko za ku iya ganin `(66 105 114 111 58 32 50 53 13)`. Guda tara ne, alhali "Biro: 25" haruffa takwas ne. Wannan 13 na ƙarshe wata alama ce da Windows yake sakawa a ƙarshen kowane layi tare da alamar sabon layi, kuma sau da yawa takan maƙale a jikin layin idan an karanto shi. Tun da zubinmu ya ce bayan lambobi sai ƙarshen layi, ga kuma baƙo a tsakani, dole ya ƙi. Umarnin `string-trim` yana share ta, tare da duk sararin da ya yi saura a gefe.

Shirin bayan gyara

```
(defun raba-layi (layi)
  (let ((tsaf (string-trim '(#\Space #\Return) layi)))
    (or (ppcre:register-groups-bind (suna adadi)
            ("^([^:]+): *([0-9,]+)$" tsaf)
          (list suna (parse-integer (remove #\, adadi))))
        (error "Layin nan bai dace ba: ~S" layi))))
```

Umarnin `register-groups-bind` yana raɗa wa kowane yanki suna kai tsaye, ya hutar da ku ƙirge daga 0. Idan zubi bai dace ba, yakan tsallake aikin da ke cikinsa ya dawo da `NIL` shiru, shi ya sa muka ƙara layin `error`. Yanzu "Alƙalami: 12" zai ba da `("Alƙalami" 12)`, "Ƙusa: 1,200" zai ba da `("Ƙusa" 1200)`, jimilla kuma 1,415. Idan wani ya cusa kaya biyu a layi ɗaya, shirin zai tsaya ya nuna muku layin, maimakon ya zaɓi ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Hanyar da za ku bi a kowane lokaci

Idan kuka duba ramukan nan shida, za ku ga hanya ɗaya ce ta fitar da mu daga dukkansu. Da farko ku duba abin da ya shiga: ainihin zubin da ya isa ga injin, da ainihin haruffan da ke cikin layi. Sannan ku duba abin da ya fito, dukkansa, har da amsa ta biyu. Ku gina zubi kaɗan-kaɗan, ku fara da `"\\d+"` kaɗai, ku tabbatar yana aiki, sannan ku ƙara masa gaɓa ɗaya. Ku canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin idan kun canza uku a tare aka dace, ba za ku san wanne ne ya yi magani ba. Ku gwada da layukan da suka fi wuya: mai harafi mai lanƙwasa, mai hamza, mai waƙafi, da layin da babu komai a cikinsa. Daga ƙarshe, ku riƙe amsar da kuka lissafa da hannu don gwadawa. Ba don mun san 1,415 tun farko ba, da 216 ta wuce ba wanda ya ɗaga gira.

Wani lokaci ma ba a buƙatar regeks. `(position #\: "Biro: 25")` zai ba ku 4, wato mazaunin ruwa biyu, daga nan `subseq` ya yanka muku layin gida biyu. Idan aikin bai wuce haka ba, wannan hanya ta fi sauƙin karantawa da gyarawa.

Ga masu amfani da Emacs

Wasu suna fara Lisp ne ta manhajar rubutu ta Emacs, wadda take da nata reshen mai suna Emacs Lisp. Ƙa'idojin regeks ɗinsa sun sha bamban da na sama, kuma kwafo zubi daga ɗaya zuwa ɗaya yana jawo ruɗani. A can `\d` ba ya nufin lamba, sai ku rubuta `[0-9]`. Bakar kama yanki kuma sai an sa mata kara, ta zama `\\(` da `\\)` a cikin alamun zance. Ana nema da `string-match`, a ɗauko yanki da `match-string`, inda 0 yake nufin duk abin da zubi ya rufe, 1 kuma yanki na farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta `(match-string 1)` a manta ba a sake ba shi layin ba. Idan aka yi haka, sai ya je ya yanko daga shafin da ke buɗe a gabanku, ya kawo abin da ba shi da alaƙa da layinku. Daidai shi ne `(match-string 1 layi)`, kuma a kira shi nan da nan bayan nema, domin wani neman da ya biyo baya yana goge sakamakon na farko.

Aikin gida

Ga tambaya ga masu son gwada kansu, kuma ba a buƙatar kwamfuta, takarda da biro sun isa. Idan aka ba zubin `"([a-z]+): (\\d+)"` layin "Ɗan littafi: 07", waɗanne yankuna biyu ne za su fito? Me `parse-integer` zai mayar da na biyun? Sannan wane ɗan gyara za a yi wa zubin don sunan ya fito cikakke? Ku bi sawun injin harafi bayan harafi kamar yadda muka yi da Alƙalami, ku rubuta amsarku da sunan ajinku, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin fitowa ta gaba.